Hoton da Aka Yanke

Kwana uku da binne Nurhayat,
wayarta na kan firji, tana ta rawa ita kaɗai.
Ban san lambar buɗe ta ba.
Tawa na buɗe. Da na sani da ban buɗe ba.

Hoto guda suka samu, shi ke yawo a Izmir:
jar riga, dariya har haƙoran gefe, kofi a hannu,
da hannun wani namiji a kafaɗarta.
Sun yanke fuskar mai hannun.
Babanmu ne. Bikin ɗan kawunmu ne, a Manisa.
Ruwan rumman ne a kofin.
Rigar kuwa ni na ɗinka ta, dare biyu,
har allura ta sha jinina wajen kalmasa.

Wani ya rubuta, "Allah ya jiƙanta, amma fa..."
Na ga wuƙar a teburin 'yan sanda, cikin leda.
Wannan "amma" ta fi ta tsawo.

Wata ta ce me ya zaunar da ita shekara tara?
Wani ya ce me ya fitar da ita, ina haƙuri?
Ta zauna, laifi. Ta tashi, laifi.
To ku nuna mini inda za ta tsaya,
ku da kuka san gidan fiye da mai gidan.

Wai ruwa ba ya tsami banza.
Mutum ɗari huɗu sun danna alamar zuciya
a ƙarƙashin wannan.
Na ƙirga. Ban iya barci, ƙirga ce aikina.

Suna tambaya don me ta buɗe ƙofa.
Cewa ya yi ya kawo maganin asmar Asuman,
wanda yarinyar ta manta a motarsa.
Ƙarfe tara na dare, yarinya na huci kamar zugazugi.
Ke da kike tambaya daga kan kujerarki,
da ba ki buɗe ba?

Shi kuwa Erdal sun samo masa hoto mai kyau,
yana durƙushe yana ba kyanwoyin tasha abinci.
Wai so ne ya yi masa yawa.
Wai mutum ne shiru-shiru.
Eh, shiru-shiru ne.
Ko mu da ke bango ɗaya da su
sai shekara ta huɗu muka gane dalilin dogon hannun riga
a tsakiyar zafin Agusta.

Sau uku ta je ofishin 'yan sanda.
Takardar na cikin jakarta har yanzu, a ninke gida huɗu,
tare da tikitin jirgin ruwa na Karshiyaka
da rabin alewar na'ana'a.
Ba wanda ya yaɗa wannan. Takarda ba ta da jar riga.

Na rubuta amsa doguwa, na goge.
Na sake rubutawa, wani ya ce fushi ke damuna.
Kafin la'asar sun koma kan ƙwallo.
Gari ya ci naman 'yar'uwata ya suɗe yatsa,
ya wuce neman shayi.

A kicin akwai kwalbar zaitun da ta jiƙa da gishiri,
ta manna takarda da rubutunta mai karkata hagu:
kar a taɓa sai Disamba.
Wadda ke shirin Disamba ce suke cewa ta jawo wa kanta.

Inna ba ta iya waya ba.
Ta ga hasken a fuskata cikin duhu,
ta gyara wa Asuman bargo, ta ce,
"Dilek, me mutane ke cewa?"

Na kife wayar a cinya.
Jirgin ƙarshe ya yi kuka daga can bakin teku.
Na ce, "Addu'a suke mata, Inna."
Ta ce, "Allah ya saka musu."
Na ce amin.